Furen da Ke Jiran Rani

Karatu: Yahaya 15:1-8

Ko ka taɓa lura da fulawar nan mai hawa katanga a wasu gidajen Jega da Aliero, wadda ake kira bugenbiliya? Asalinta daga Kudancin Amurka ne. Ga yadda za ka gane ta: reshenta itace ne mai ƙaya, da ƙayar take maƙale wa katanga. Jan nan ko ruwan hodar da kake hangowa daga nesa ganye ne mai laushi kamar takarda. Ainihin furen ɗan ƙarami ne fari, yana ɓoye a tsakiya.

Idan ka yanki reshe ka dasa, sai ka riƙa ba shi ruwa har ya yi saiwa. Amma da zarar ya kama, yawan ruwa da taki ganye kawai za su ba ka. Sai damina ta ɗauke, ƙasa ta bushe, mai lambu ya daddatse rassan, sa'an nan launi ya rufe katanga.

To, ga tambaya: yalwa ce kaɗai shaidar albarkar Allah? Na san ɗan'uwa da ya daina zuwa sujada domin albasarsa ta ruɓe a rumbu, ta maƙwabcinsa kuwa ta cika mota zuwa Kudu. Ya ɗauka Ubangiji ya juya masa baya. Amma karatunmu na yau ya nuna reshe mai ba da 'ya'ya shi Uba yake datsewa, domin ya ƙara bayarwa. Haƙuri, tawali'u da tausayin mai rashi sukan tsiro ne a lokacin ƙunci.

Sai dai ka yi hankali. Mai lambu ne yake auna ruwan, ya kuma san dashen da bai yi saiwa ba ƙishi zai kashe shi. Idan gwauruwa a Maiyama ta kwana da yunwa, kada ka ce mata raninta alheri ne. Ka kai mata kwanon gero. Naka ranin ka jimre da bangaskiya, na ɗan'uwanka kuwa ka kai masa ruwa.

Addu'a: Ya Uba, ka riƙe ni cikin raniña, ka buɗe hannuna ga mai ƙishi. Cikin sunan Yesu, Amin.