Shamuwa: sunan tsuntsu a bakin liman

Idan bazara ta yi nisa, zafi ya kai matuƙa, manoman kwarin Gulbin Maraɗi sukan riƙa ɗaga kai suna duban itatuwa. Shamuwa suke jira, baƙar tsuntsuwar nan mai farin ƙirji da ke tasowa daga gabashi da kudancin Afirka, ta yi sheƙa a tsakiyar gari ba mai jifarta, domin isowarta bushara ce ta damina. To, a ƙaddara wani malamin lakwal a Maraɗi ya samu ɗiya a irin waɗannan kwanaki, ya ce Shamuwa za a raɗa mata. Mahaifiyarsa ta iso daga Tsibiri, ta ji, ta ce: "Kai yaro, mutum za a yanka wa rago ko tsuntsu?"

Tsohuwar ba ta ƙi tsuntsuwar ba, wurin da aka ajiye ta ne bai yi mata ba. Bahaushe suna biyu gare shi: na yanka, wanda liman ke raɗawa rana ta bakwai, galibi na annabawa da sahabbai, da kuma laƙabi, wanda kakanni ke sawa yadda suka ga dama. A nan ne ake samun Marka da Anaruwa da Nomau, da Tanko wanda ya biyo mata, da Gambo mai bin tagwaye. Laƙabi kuwa ba abin rainawa ba ne. Sarkin Gobir Muhammadu Yunfa da laƙabinsa tarihi ya riƙe shi, haka Mayaƙi da ya kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836.

Uban ma yana da hujja. Addini bai hana ba: Ikrima, sunan sahabi, kurciya yake nufi da Larabci, kuma alhudahuda ya samu ambato a Suratun Namli. Abin da shari'a ta nema shi ne kyakkyawar ma'ana, shi ya sa Annabi (SAW) ya sauya wa wasu sahabbai sunaye marasa daɗi. Bugu da ƙari, laƙabi ya rage ƙarfi tun da takardar haihuwa ta shigo, domin abin da aka rubuta a ma'aikatar magajin gari shi ake kira a aji, shi ke kan katin jarrabawa. Ga kuma abin da ya fi damun malamin: yaron Jiratawa da ke bin fadamar noman rani ya san balbela da zalɓe, amma da yawa daga ɗalibansa na unguwar Zariya ba za su bambanta gauraka da jimina ba. So yake ya ceci kalma kafin ta ɓace.

A nan ne hujjarsa ta yi rauni. Ɗiya ba rumbun ajiye kalmomi ba ce. Suna kyauta ce da ba a shawarci mai ita ba, kuma jama'a sun fi shi amfani da ita. Sai dai shi zai amsa ta har kabari. Saboda haka ma'aunin ba ƙarancin masu sunan ba ne, ba kuma daɗinsa a kunnen uba ba, abin da gari zai ji ne idan aka kira. Kowane tsuntsu kuwa Hausa ta riga ta rataya masa hali. Hankaka mai da ɗan wani nasa ne, mujiya ba a son kukanta a bisa ɗaki, ungulu ba sai an faɗa ba. Shamuwa ta tsallake wannan siraɗi, amma da saura: baƙuwa ce, da kaka ta yi sai ta tashi. Matar da ta binne jikoki, wadda ta san dalilin da ake kiran yaro Ajuji ko Ayashe don mutuwa ta kau da kai, ba za ta so a kira jinjira da sunan mai zuwa ta koma ba. Mai ilimin boko yana iya cewa camfi ne, amma a cikin masu wannan tunani yarinyar za ta girma.

Suna linzami ne, in ji Hausawa, kuma tsarin kakar ya fi tausayi, domin ya bar linzamin a hannun mai shi. Mai suna biyu tana da zaɓi: in ta girma ta so Shamuwa, ta ɗauka, in ta ƙi, ta bar ta a bakin kakanni. Damuwar uban ma tana da magani a takardun Nijar, inda aka saba haɗa suna da laƙabi da kalmar Faransanci "dit" ko "dite". Sai dai alƙalamin da ya mai da Jiratawa Djiratawa ba zai ƙyale tsuntsuwar ba. Bayan shekara shida, mushe zai buɗe rajista ya kira: Aïchatou dite Chamoua.