Tagar Da Ke Kallon Bola

A Mashi, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, gidan bulo da rufin kwano yana ta maye gurbin ginin tubali. Duk wanda Allah ya hore wa a cikinmu, sai ya ce wa magini ya buɗa taga sosai, a sa gilashi da ƙarfe. Ranar tarewa mu buɗe tagar, ido ya faɗa kan bola, da baƙar leda maƙale a ƙaya, da kwatar da ta kwanta a lungu ta yi kore. Washegari mu tafi kasuwa mu sayo labule mai kauri. Daga nan magana ta ƙare, a ganinmu.

Kakanninmu ba su sha wannan takaici ba. Tagar ɗakin ƙasa 'yar ƙarama ce, can sama kusa da azara, aikinta shigo da iska da ɗan haske. Gidan Bahaushe cikinsa yake kallo: zaure ya tare baƙo, katanga ta suturta iyali, ido kuma ya huta a tsakar gida. Jujin ma ba ya daɗewa, domin toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, kuma da rani ake kwashe shi a mangala, jaki ya kai gona ya zama taki. Mu kuwa mun aro babbar taga mai kallon waje, muka riƙe tsohon tunani cewa abin da ke bayan katanga ba namu ba ne, sannan muka ƙara da leda, wadda ba ta ruɓewa, gona kuma ba ta son ta.

To, mene ne haƙƙin abin da muke gani a kanmu? Mai taga yana da hanya uku: ya saki labule, ya ƙara tsawon katanga, ko ya fita.

Labule ba laifi ba ne, sutura ce. Amma ido kaɗai yake yi wa magani. Sauron da ya ƙyanƙyashe a kwatar nan cikin watan Agusta ba ya neman izinin labule, wari ma haka. Kuma ko idon ba abin rainawa ba ne. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya duba bayanan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyata a wani asibitin jihar Pennsylvania. Rabinsu tagarsu na kallon itatuwa, rabi na kallon bangon jan bulo. Masu kallon itatuwa sun riga komawa gida, sun kuma nemi maganin ciwo mai ƙarfi ƙasa da sauran. Ashe abin da muke kallo kullum yana aiki a jikinmu. Idan muka tuna cewa a gidajenmu mata da tsofaffi da majinyata ne suka fi wuni a ɗaki, za mu gane wa muka bar wa bolar.

Sai tambaya mai ɗaci: wa ya tara ta? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ledar da ke bayan tagarmu, yaron gidanmu ne muka aika da magariba ya zubar. Ruwan wankin da ya kwanta a lungu, ta bututun bayan gidanmu ya fita. Mun shafe gaban gida da siminti da fenti domin masu wucewa, bayan gidan kuwa mun bar shi tsirara, alhali bayan namu shi ne abin da maƙwabci ke gani idan ya buɗe tasa tagar. Kowannenmu mai kallo ne, kowannenmu kuma abin kallon wani ne, amma rabi na farko kawai muke tunawa.

A nan ne ya kamata mu taka a hankali, domin ba duk abin da ido ya ƙi ba ne cuta. Wani lokaci abin da ya ɓata mana kallo dangar zana ce ta bazawara mai marayu, ko katangar ƙasa da damina ta zabtare mai ita bai samu halin gyara ba, ko turken awakin da da su ake biyan kuɗin makaranta. Ƙazanta daban, talauci daban, amma mai sabon gida yana saurin haɗa su. Idan masu iko suka yi wannan kuskure, abin yakan zama bala'i. A 1990 gwamnatin soja ta Legas ta rushe unguwar Maroko, wadda ke maƙwabtaka da unguwannin masu hali, aka raba dubban ɗaruruwan mutane da matsuguninsu. Filin ya yi kyau daga baya, amma ba mutanen Maroko ne suka ci moriyar kyan ba. Mu ba mu da motar rusau, amma muna da baki, muna da ƙara wajen mai unguwa, muna da kallon raini.

Akwai ma'auni mai sauƙi. Mu rufe ido mu tambayi kanmu: da mu makafi ne, abin nan zai cuce mu? Bola za ta cuce mu, kwata za ta cuce mu, kawar da su kuma addini ya lasafta shi cikin sadaka. Dangar zana ba za ta cuci kowa ba. Idan ta dame mu, to ko dai mu taimaka a gyara ta cikin mutunci, ba tare da gori ba, ko kuma mu yarda cewa abin gyaran yana cikin zuciyarmu.

Ta yaya ake gyaran? Mun gwada tsoro. Dattawa suna tuna duba-gari, wanda leƙa randa da ya yi kan sa gida ya rikice. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, daga baya aka haɗa da tsaftar muhalli. Tituna sun yi fes muddin soja na tsaye. Da ya tafi, shara ta dawo. A tsallaken iyaka kuwa, manoman yankin Maradi tun shekarun 1980 suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu, suna sassabe shi suna reno maimakon tumɓukewa, har gawo da 'yan'uwansa suka sake rufe ƙasar da ta yi fari. Ba bulala aka sa musu ba. Sun ga amfanin abin da idonsu.

Wanda ya zaɓi fita, aikinsa irin na manoman nan ne, mai tafiyar hawainiya. Ba zai tura sharar bayan tagar wani ba, ba kuma zai cinna wa leda wuta hayaƙin ya shiga ɗakin mai jego ba, don wannan sauya wa cuta wuri ne kawai. Zai nemi mai filin, ya zauna da maƙwabta da mai unguwa a tsayar da wurin zubar da shara, a yi gayya a kwashe, a haƙa wa ruwan wanki rami. Sannan ya dasa bedi ko zogale, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, ya yi ta ban ruwa har rani ya wuce. Wataƙila wani ya sake zubar da shara cikin dare. Wataƙila inuwar ta fi faɗawa gidan maƙwabci. Wannan ba asara ba ce, domin tun farko kallon ba namu ne mu kaɗai ba.

Kafin duk wannan akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Gobe da safe mu zagaya lungu, mu tsaya daidai tagar maƙwabcinmu, mu juyo mu kalli gidanmu yadda shi yake ganinsa kullum. Abin da muka gani, daga nan za mu fara.