Gyara Ko Sauyawa: Bawul ɗin Zuciya da Amanar Jiki

'Yan'uwa, a Limawa da sauran unguwannin Jimeta akwai gidajen da likita ya duba hoton zuciyar ɗansu ko 'yarsu ya ce bawul ya lalace. Daga nan sai tambaya ta taso: a bar abin da Allah ya halitta, ko a cire a sa na hannun mutum?

Zuciya tana da bawul huɗu, ƙananan ƙofofi masu hana jini komawa baya. A ƙasarmu abin da ya fi lalata su a ƙuruciya shi ne ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da ba a yi maganinsa ba. Yakan jawo zazzaɓi mai kumbura gaɓoɓi, bayan shekaru kuma ƙofar ta ƙanƙance ko ta riƙa yoyo, mutum ya yi ta haki, ƙafafunsa su kumbura.

Waɗansu masu bi suna ganin sa ƙarfe a zuciya rashin bangaskiya ne. Wannan tunani ba shi da tushe. Manzo Bulus ya yi tafiya tare da Luka likita. Annabi Ishaya kuwa, bayan ya kawo wa Sarki Hezekiya alkawarin warkewa, ya sa aka shafa masa ɓaure a marurunsa. Allah ne mai warkarwa, amma yana aiki ta hannun mutane. A 1960 Albert Starr ya yi nasarar sa wa mutum bawul na hannun mutum a Amurka, a 1974 kuma aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Nijeriya, a Asibitin Koyarwa na Inugu. Ilimin nan ma baiwa ce.

Duk da haka, sabo ba kullum ya fi tsoho ba. Likitan Faransa Alain Carpentier ya nuna cewa sau da dama ana iya gyara bawul a bar shi a wurinsa, likitoci kuma sukan fi son haka idan gyaran zai ɗore. Sai dai zazzaɓin nan yakan taurara ƙofar har gyara ya gagara. In haka ta faru, zaɓi biyu ne. Na ƙarfe yakan daɗe ƙwarai, amma dole a sha maganin tsinka jini, wafarin, har ƙarshen rai, ana gwajin jini a kai a kai, maganin kuma yana iya cutar da ɗan tayi. Na naman saniya ko alade ba ya bukatar haka, amma yakan gaji cikin shekara 10 zuwa 20, ya fi saurin gajiya ma a jikin matasa, sai an sake tiyata.

A nan ne maganar ta zama ta lamiri. Yarinya mai shekara 20 da ke begen haihuwa za ta auna haɗarin ciki da haɗarin tiyata ta biyu. Manomin da ke nesa da Yola zai tambayi kansa ko zai iya zuwa gwaji kowane lokaci. Wa zai yanke hukunci? Miji, iyaye da fasto su ba da shawara, su yi addu'a, su haɗa kuɗi, amma mai ƙirjin ne zai ɗauki sakamakon, don haka maganarsa ce ta ƙarshe. Ɓoye masa gaskiya da sunan tausayi zalunci ne.

Abin tsoro shi ne jinkiri. Wanda ya yi ta jira har naman zuciyar ya raunana, ko an sauya bawul ƙarfinta ba lallai ya dawo ba. Jira bisa shawarar likita hikima ne, jira don tsoro kuwa sakaci ne da amana, ko da an kira shi bangaskiya.

Iyaye, rigakafi ya fi magani. Yaron da ke ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai shi asibiti, domin fenisilin yana tare wannan masifa tun daga tushe. Wanda aka rubuta wa allurar wata-wata kada ya tsallake. Ikilisiya kuma ta tsaya da iyalin da tiyata ta same su. Ubangiji ya ba mu hikima.