Bimbinin Safiya: Idan Baba Ya Manta Sunanka

Karatu: Ishaya 46:3-4

A karatunmu na yau Ubangiji yana tuna wa jama'arsa cewa shi ya ɗauke su tun suna ciki, kuma ba zai sauke su ba don furfura ta fito. Alkawarin ya haɗa har da tsohon da hankalinsa ya fara gushewa.

A nan Kaduna, gidaje da yawa a Kawo, Malali da Unguwar Rimi suna da irin wannan tsoho. Mama ta ci tuwo yanzu, ko kwanon ba a ɗauke ba, ta ce tun jiya ba a ba ta komai ba. Baba ya ɗaure kayansa a zane da la'asar, ya tsaya bakin ƙofa yana cewa a kai shi gida, alhali gidan shi ya gina. Mukan ce gigin tsufa ne, mu sa kwaɗo a ƙofa. Abin da ya fi ciwo shi ne a fara raɗe-raɗin maita a kan tsohuwar da ta yi goyon rabin yaran unguwa. Wannan zunubi ne, 'yan'uwa. Abin da ke damun tsofaffin nan ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kamar yadda hawan jini yake ciwo a jiki.

Allah bai bar garin nan babu taimako ba. A tsakiyar gari akwai asibitin koyarwa na Barau Dikko, mai ɗauke da sunan likitan farko daga Arewa, wanda ya taso a Wusasa. Idan aka haye gadar Kogin Kaduna kuma, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. An buɗe shi a 1975 a hannun gwamnatin jiha, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1996. Doka ma ta sauya: a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958 wadda ta fi damuwa da tsare majiyyaci.

Amma kunya tana hana mu haye gadar. Kada a ce an ga motarmu a Barnawa! Likita ba zai maido wa Baba duk abin da ya manta ba, gaskiya ne. Zai iya gano ko baƙin ciki ne mai tsanani, wanda ake warkewa, ko wani magani ne yake ruɗa shi. Zai taimaka ya sami barci, ya kuma koya wa mai jinya yadda za ta lallaɓa shi. Addu'a ba ta hana ganin likita.

Umarnin girmama iyaye bai ƙare ranar da suka daina gane mu ba.

Addu'a: Ya Uba, ka riƙe tsofaffinmu da suka ruɗe. Ka ƙarfafa 'ya'ya mata da surukai masu kwana a zaune dominsu, da ma'aikatan jinya. Ka cire mana kunya, ka ba mu haƙuri yau. Cikin sunan Yesu, Amin.