Ƙaunar Makaranta da Haƙƙin Mai Koyar da 'Yan Wasa



A majalisun samari na Ƙofar Galadima, cikin birnin Zazzau, ba a rasa wanda ya yi Kwalejin Alhudahuda ko Barewa, ko wanda ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, a Samaru ko a Kongo. Kowannensu kuwa yana kishin makarantarsa, musamman idan 'yan wasanta sun fita gasa. In an ci nasara, mai koyar da 'yan wasa ya zama gwarzo, ba mai ikon faɗin aibinsa. In an sha kashi, shi da shugabannin wasanni sun zama ɓarayi, ko ragwaye, ko masu son kai, alhali kuwa mafi yawan masu faɗin haka ba su taɓa ganin ofishin mutanen nan ba. To, shin ƙaunar makaranta tana wajabta wa mutum ya rufe baki ga laifin shugabanninta? Shin kuma baƙin cikin shan kashi yana halatta masa cin mutuncinsu?

Wasa tsakanin makarantu tsohon abu ne. Tun a 1966 jami'o'in Nijeriya suka fara gasarsu ta NUGA a Ibadan, shekara huɗu bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello. Tsere da harbi da ninƙaya duk malamai sun yaba su, kishin gida kuma ɗabi'ar ɗan Adam ce. Abin da shari'a ta zarga shi ne asabiyya, watau mutum ya goyi bayan nasa a kan zalunci don kawai nasa ne.

Wanda ya lura da kyau zai ga magoya baya sun birkita ma'auni. Suna fushi a inda ya kamata a yi haƙuri, suna yin shiru a inda ya kamata a yi magana. Shan kashi ba laifi ba ne. Mai koyarwa yana iya tsara yaransa iyakar saninsa, ƙwallo ta bugi ƙarfe ta dawo, kuma ba a tambayar bawa abin da ya fi ƙarfinsa. Laifin da za a tambaye shi ranar gobe shi ne cin amana: rage wa ɗan wasa shekaru a takarda, ko sa wa sojan haya rigar makarantar da bai taɓa shiga ajinta ba, ko riƙe kuɗin guzurin ɗalibai, ko tura yaro fili da rauni a ƙafa. Irin waɗannan kuwa sau da yawa su ne ke kawo kofi gida, shi ya sa 'yan kallo ba su cika ɗaga murya a kansu ba.

Ƙaryar shekaru ta taɓa jawo wa ƙasar nan kunya. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓani a ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma karɓe baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991 daga hannunta.

A Amurka, inda wasannin jami'o'i ke tara dubban 'yan kallo, an ga inda makauniyar ƙauna take kai mutum. Joe Paterno ya shugabanci 'yan ƙwallon Jami'ar Penn State tun daga 1966. A 2001 aka kawo masa rahoton cewa wani tsohon mataimakinsa, Jerry Sandusky, yana lalata da yaro. Ya sanar da na gaba da shi, amma magana ba ta kai ga 'yan sanda ba. Da asiri ya tonu, hukumar jami'ar ta sallame shi ranar 9 ga Nuwamba, 2011. A daren nan dubban ɗalibai suka fito titi, har suka kifar da motar 'yan jarida. Fushinsu na korar gwarzonsu ne, ba na yaran da aka ɓata wa rayuwa ba. A 2012 kotu ta sami Sandusky da laifi 45.

Ga kuma misalin abin da haƙuri ke haifarwa, a nan gida. Oliver Johnson, mutumin Amurka, ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da ƙwallon kwando a Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin yaran Zariya da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda a 2019 yana shugaban ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada lokacin da ta ɗauki kofin NBA. Aikin mai koyarwa shuka ce, girbinta yana iya ɗaukar shekara talatin, sakamakon wasan yamma ɗaya bai isa a auna shi da shi ba.

To, yaya za a yi suka ba tare da an ci naman ɗan'uwa ba? Ibn Rajab, wanda ya rasu a shekara ta 795 bayan Hijira, ya yi littafi musamman a kan bambancin nasiha da aibatawa, ya nuna cewa magana ɗaya tana iya zama lada ko zunubi bisa ga nufin mai yin ta. Imam Nawawi kuma, a cikin Riyadus Salihin, ya lissafa wurare shida da ambaton laifin mutum ba ya zama gibar da aka haramta, daga cikinsu akwai kai ƙara ga mai ikon gyarawa, da gargaɗin jama'a daga cuta. Saboda haka mai goyon baya yana da damar ya ce tsarin wasa bai yi ba, domin wannan sukar aiki ce da kowa ya gani da idonsa. Amma ya ce wane ya ci kuɗi, wannan tuhuma ce, tana bukatar hujja, kuma wurinta ofishin shugaban makaranta ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ba bakin shagon mai shayi ba.

Wani zai ce, ai in an tsaya ga nasiha a asirce, manya za su binne magana, kamar yadda aka yi a Penn State. Gaskiya ne, shi ya sa asirtawa matakin farko ce kawai. Idan haƙƙin yaro ne ake ci, aka faɗa wa na kusa bai gyara ba, wajibi ne a kai gaba, har ga hukuma, ko da makaranta za ta rasa kofi. Mai yin haka shi ne masoyinta na haƙiƙa, domin makaranta amanar 'ya'yan jama'a ce kafin ta zama ma'ajiyar kofuna.

Saboda haka kafin saurayi ya buɗe baki a majalisa, ya tambayi kansa abu uku. Shin ya tabbatar da abin da zai faɗa? Shin zai iya faɗinsa a gaban mutumin? Shin da makarantarsa ce ta ci wasan, zai faɗe shi? In ya kasa amsa ta ukun, to ya sani zafin kashi ne ke magana a bakinsa, shiru ya fi masa alheri.

Allah Ya tsare harsuna, Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin.