Ƙasar Da Ta Gaji Ba Ta Mutu Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

A gidaje da yawa na Maraɗi da Damagaram, inda babu filin garka, mata kan shuka tumatir da tattasai cikin tsohon bokiti ko buhun siminti. Idan an gama tsinka, ƙasar takan daskare, farin gishiri ya hau kanta, saiwoyi su cika ta. Mai gaggawa sai ya juye ta a bola. Shin abin da ya ba da ƙarfinsa har ya ƙare ya cancanci a yar da shi?

Wanda ya san noma ba ya zubarwa. Yakan farfasa ta, ya tsince matattun saiwoyi, ya shanya ta a rana, sannan ya gauraya ta da takin awaki da ya ruɓe sarai, domin ɗanyen taki ƙona shuka yake yi. Ba ya maida tumatir inda tumatir ya fito. Sai ya sa wake ko salati. Ƙasar da yake warewa ita ce wadda cuta ta kama, saiwoyinta suka yi ƙulli-ƙulli.

Haka zuciyar muridi take. Akwai lokacin da lazimi ke yi masa zaƙi, ya yi wazifa da hawaye. Sai wata rana harshe na motsi, zuciya a bushe. A nan Shaiɗan ke raɗa masa cewa ya lalace, ya bar zawiya. Sahabi Hanzala, Allah ya yarda da shi, ya ji irin wannan har ya tuhumi kansa da munafunci, Annabi (S.A.W.) ya kwantar masa da hankali, ya nuna masa cewa hali ba ya dawwama a kan mataki ɗaya.

Sai muridi ya binciki kansa. Idan haƙƙin wani ne ko cin haram, wannan cuta ce, maganinta tuba da maida haƙƙi. Idan gajiya ce kawai, kada ya jibga wa kansa sabbin wuridai ba da izini ba, wannan ɗanyen taki ne. Ya riƙe lazimi ko ba daɗi, ya zauna cikin ƴan'uwa, ya gaya wa muƙaddaminsa gaskiya, ya jira ruwa.

Allah ya raya zukatanmu kamar yadda yake raya ƙasa bayan fari. Amin.