BAYARWA A LOKACIN TSANANI

Nassi: 2 Korantiyawa, sura 8 da 9



Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, babu gidan da bai ji a jikinsa ba. Kuɗin mota ya hau, mudun masara ya hau, kuɗin makarantar yara kuwa ba ya jiran kowa. Saboda haka wata tambaya tana zaune a zukatan iyalai da yawa, ko da ba a furta ta ba: a cikin irin wannan hali, har yanzu Allah yana so in bayar?

Manzo Bulus ya amsa mana da labarin ikilisiyoyin ƙasar Makidoniya, inda biranen Filibi da Tasalonika suke. A lokacin yana tattara gudummawa domin matalauta na cikin masu bi a Urushalima. Mutanen Makidoniya kuwa suna fama da tsanani da baƙin talauci, irin mutanen da ake jin nauyin miƙa wa kwanon baiko. Amma su ne suka matsa wa Bulus da roƙo kada a bar su a baya, suka kuma bayar har fiye da ƙarfinsu. Asirin abin yana cikin 8:5. Kansu suka fara miƙa wa Ubangiji, sa'an nan dukiyarsu ta biyo baya.

Tushen wakilcin Kirista ke nan. Wanda aka ba kiwon shanun wani yakan sha nono, amma ya san ranar lissafi tana zuwa. Gonarmu, da albashinmu, da lokacinmu, da 'ya'yanmu, duka amana ce a hannunmu. Sarki Dawuda ya gane haka sa'ad da jama'a suka tara kayan ginin Haikali, ya shaida cewa abin Allah ne suka mayar masa (1 Tarihi 29:14).

Bari mu ɗauki darussa uku.

Na farko, bayarwa tana bukatar shiri. Bulus ya umarci Korantiyawa kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta mako, gwargwadon samunsa (1 Korantiyawa 16:2). Mu da muka tashi a ƙauye mun ga iyayenmu suna ware damin Ubangiji tun kafin hatsi ya shiga rumbu. Yau kuwa sai an ta da waƙar baiko muke laluben aljihu, mu ba Allah canjin da ya rage.

Na biyu, Allah yana duban zuciya da abin da mutum yake da shi, ba ya neman abin da babu (8:12). Yesu ya yabi gwauruwa mai anini biyu fiye da attajirai (Markus 12:41-44). Kada kunyar ƙanƙantar baiko ta hana kowa zuwa sujada. Kada kuma mu yarda a mai da baiko ciniki, wai a ba Allah dubu domin ya mayar da dubu goma. Muna bayarwa ne domin Almasihu ya riga ya ba da kansa dominmu (8:9).

Na uku ya shafi mu shugabanni. Bulus bai riƙe kuɗin nan shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da 'yan'uwa biyu amintattu, domin kada a sami abin zargi (8:16-22). Haka ya kamata a kowace majami'a: mutum biyu ko uku su ƙirga baiko, a rubuta, a karanta wa ikilisiya rahoto a kan kari. Kuɗin da uwa ta rage daga cefanenta ba abin wasa ba ne.

Iyaye, a wannan mako ku zauna da 'ya'yanku, ku yi addu'a, ku yanke shawara tare a kan abin da gidanku zai keɓe, ku kuma tuna da maƙwabcin da tukunyarsa ba ta hau murhu ba. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ubangiji ya same mu amintattu a kan abin da ya danƙa mana. Amin.

Edita